Farautar akwati a hanyar dutsen Jemez: wasan da ya bi sawun bam ɗin nukiliya, ga yanda na gan shi

Jama'a assalamu alaikum. Yau dai bitar wani abu zan yi wanda nasan da yawanmu bamu taɓa gwadawa ba, wato Geocaching, musamman wani jerin wasa ƙwaƙwalwa da wani bawan Allah ya shimfiɗa a kan hanya mai lamba 4 ta jihar Niyu Meziko a Amurka, hanyar da ta ratsa duwatsun Jemez ta ɓulle wajen Los Alamos, garin da aka ƙera bam ɗin nukiliya na farko a duniya. Tun daga farko bari in faɗi matsayata, abun ya yi, ya cancanci fetur ɗin da mutum zai ƙona, amma akwai wani giɓi a cikinsa da ya tsaya min a rai har yanzu, zan zo kansa in mun yi nisa.

Ga wanda bai san wasan ba, mutane ne suke ɓoye ƙananan akwatuna a wurare daban daban, ƙarƙashin dutse, cikin kogon bishiya, bayan allon hanya, sai su saka lambobin GPS na wurin a intanet, kai kuma ka ɗauki waya ka bi lambobin har ka gano. In ka samu akwai 'yar takarda a ciki, ka rubuta sunanka da kwanan wata, ka mayar yanda ka same shi, shikenan. Ba kuɗi a ciki ba kyauta ba, wani lokacin dai ana samun 'yan tarkacen wasan yara, in ka ɗauka sai ka ajiye wani abu kwatankwacinsa ko wanda ya fi shi. Asalin abun a watan Mayu na 2000 ne, lokacin da gwamnatin Amurka ta daina dagula siginar GPS ɗin da farar hula ke amfani da ita, kwana ɗaya tsakani, ranar 3 ga Mayu, wani mutum Dave Ulmer ya ɓoye bokiti kusa da Beavercreek a jihar Oregon ya saka lambobin wurin dan ya gwada ko da gaske siginar ta gyaru. Daga bokitin nan yanzu akwatunan sun haura miliyan 3 a ƙasashe sama da 190. Kuma akwai ƙa'idoji, ba a binne akwati a ƙasa, ba a saka abinci a ciki sabida dabbobi, sannan tsakanin akwati da akwati dole a samu aƙalla mita 161.

Manhajar kyauta ce a sauke, amma ya kamata mutum ya sani tun kafin ya tashi cewa a waya, wanda bai biya ba akwatuna masu sauƙi kawai yake iya buɗewa, irin waɗanda lambobinsu ke kai ka wurin kai tsaye. Masu alamar tambaya shuɗiya, wato na wasa ƙwaƙwalwa irin wannan da nake magana a kai, sai ka shiga tsarin Premium, wanda yake wajen dala 40 a shekara, ko kuma ka buɗe ta shafinsu a kwamfuta ka kwafe bayanan da hannu in mai akwatin bai kulle shi ga masu biya kaɗai ba. Ni dai na biya, kuma dalili ɗaya ne ya sa nake ganin kuɗin ya biya kansa a wannan hanyar, shi ne damar sauke taswira da bayanan akwatuna a ajiye cikin waya, dan da zarar ka shiga kwarin Jemez netwok sai a hankali, ya zo ya ɗauke, akwai inda za ka yi tafiya mai tsawo ko sanda ɗaya babu.

Yanda mai wasan ya tsara shi kuwa, ba akwati ɗaya bane, jeri ne a bakin hanya daga ƙasan kwari har saman tudu. Kowane ɗaya lambobin da aka rubuta a shafinsa na bogi ne, ainihin wurin yana cikin mil 2 daga nan kaman yanda dokar wasan ta tanada, kuma sai ka amsa tambayoyin tarihi kafin ka fitar da lambobin gaskiya. Za ka ga an rubuta maka kaman N 35 da wasu harufa, W 106 da wasu harufa, kowane harafi lamba ce da za ta fito daga amsa, wata shekara ce, wata lambar gida ce, wata ƙarfe nawa ne abu kaza ya faru. Sannan a cikin murfin kowane akwati akwai lamba guda da aka rubuta da maka, in ka tara su duka su ne za su kai ka akwatin ƙarshe. Wannan dabarar ta burge ni sosai, sabida ta hana mutum zama a ɗaki ya gama komai da Google, rabin aikin a gida ne rabi kuma dole sai ƙafarka ta taka wurin. Ba zan bada amsoshi yanda ake haɗa su ba, ba adalci bane ga wanda ya ɓata lokacinsa ya shirya, tarihin dai na kowa ne shi zan taɓa.

Daga Albuquerque ake kama hanya a bi ta Bernalillo a hau US 550 zuwa wani ɗan ƙauye San Ysidro, nan hanya mai lamba 4 take farawa, tsawonta gaba ɗaya kusan mil 68 ne kuma tana cikin hanyoyin da gwamnatin tarayya ta ware a matsayin na shaƙatawa da kallo. Ba a jima ba za ka shiga ƙasar mutanen Jemez Pueblo, 'yan asalin wurin, jajayen duwatsu ne tsaye a gefen titi, ja sosai ba wai ja ja ba. Anan mai wasan ya kyauta, bai ajiye komai a ƙasarsu ba, har ya rubuta a shafin cewa kar a sauka titi a shiga musu, kar a ɗauki hoto a cikin ƙauyen dan basu yarda ba, mai son tsayawa ya tsaya a cibiyar baƙi ta Walatowa. A rage gudu kuma a wurin, da gaske ake.

Akwatin da ya fi min ma'ana a duk jerin shi ne na kusa da Jemez Springs, kuma shi ne ya sa na gane cewa ba dan kyaun hanyar kawai aka zaɓe ta ba. Kafin wannan wasan ni ban san cewa saura kaɗan a gina cibiyar bam ɗin a wannan ɗan garin ba. A 1942 sojoji suna neman wuri mai nisa da teku, nesa da mutane, wanda za a iya killacewa, wani hafsa Manjo John Dudley ya zagaya ya kawo shawarar Jemez Springs. Ranar 16 ga Nuwamba 1942 Robert Oppenheimer, wanda zai jagoranci masu kimiyyar, lokacin yana ɗan shekara 38, da Janar Leslie Groves, wanda ya kula da ginin Pentagon, hedikwatar sojojin Amurka, kafin a damƙa masa aikin Manhattan, wato shirin ƙera bam ɗin, a watan Satumba na shekarar, suka zo duba wurin. Basu so shi ba. Kwari ne matsattse, duwatsu sun tsaya dama da hagu, ba filin da za a faɗaɗa. Oppenheimer ya san yankin tun yana saurayi, tun 1922 yake zuwa Niyu Meziko yana yawo a kan doki, har gidan gona yake da shi a duwatsun Sangre de Cristo, shi ne ya ce ai in aka haura kwarin akwai wata makarantar yara maza a saman tudu, a je a gani. Suka shiga mota suka haura a ranar. To kai ma mai neman akwati, daga nan hanyar da za ka bi ta nufi inda suka nufa, kuma wallahi in ka tsaya a gindin kwarin ka ɗaga kai ka ga yanda duwatsun suka rufe sama, ba sai wani ya yi maka bayanin dalilin da ya sa suka ƙi wurin ba, idonka ne zai gaya maka. Wannan shi ne abun da littafi baya iya yi maka, kuma shi ne nake ganin babban amfanin wasan gaba ɗaya. Tambayar wurin ma ta dace, sai ka nemo ranar ziyarar sannan ka haɗa da wata lamba da ke rubuce a wani allo a cikin garin.

A Jemez Springs ɗin akwai kangon tsohon garin Giusewa da na wata coci da Sifaniyawa suka sa aka gina wajen 1621, mai lokaci ya leƙa.

Gaba kaɗan sai Soda Dam, wani tulin dutse da ruwan zafi na ƙarƙashin ƙasa ya tara a hankali har ya tare kogi, ruwan ya huda ta ƙarƙashinsa yana wucewa, kana buɗe ƙofar mota warin ƙibiritu zai tarbe ka. Sai Battleship Rock, ƙaton dutse mai kama da gaban jirgin ruwa. A tsakanin nan ne na sha wahalar GPS, sabida duwatsun suna tare sigina, kibiyar da ke waya sai ta ce gabas, ka taka biyu ta ce yamma, tana nuna saura mita 3 kana tsaye wuri ɗaya ta koma mita 15. A irin wannan wurin sai mutum ya ajiye waya ya yi amfani da ido, ya tambayi kansa in ni ne a ina zan ɓoye. Akwai ɗan taimako da mai akwati yake rubutawa a shafin, ana juya harufansa da tazarar 13 dan kar ka karanta ba da niyya ba, danna ɗaya yake warwarewa, kuma a nan taimakon nasa ya yi aiki, gajere ne bai tona komai ba amma ya isa. Inda bai kyauta ba shi ne ɗaya daga cikin akwatunan murfinsa ya tsage, takardar ciki ta jiƙe ta manne har biro baya kamawa, kuma lambar da ke murfin ta fara gogewa, da ƙyar ake bambance ko 3 ce ko 8. A jerin da akwatin ƙarshe ya dogara da kowace lamba wannan ba ƙaramar matsala bace, lamba ɗaya ta ɓace duk tafiyar mutum ta tashi a banza. Na tura masa saƙon cewa yana buƙatar gyara.

Bayan La Cueva hanya take juyawa gabas ta fara hawa da gaske, kwana kan kwana, dogayen bishiyoyin fayin ko ta ina, iska ta canza ta yi sanyi, kawai sai daji ya buɗe ka ga Valle Grande. Ban san yanda zan kwatanta muku ba, fili ne na ciyawa shimfiɗe iya ganinka a saman dutse, sama da ƙafa 8,000 daga matakin teku, duwatsu sun kewaye shi. Ashe cikin bakin dutse mai aman wuta kake, wanda ya fashe kimanin shekara miliyan 1.25 da suka wuce ya rufta, faɗin ramin kusan mil 13. In ka yi sa'a da safe ko da yamma za ka hango garken elk, wasu ƙattan dangin barewa, can nesa kaman ɗigo ɗigo. Tokar da dutsen nan ya amayar ita ce ta daskare ta zama tudun Pajarito da Los Alamos ke zaune a kai, ruwa ya yayyanka shi ya zama dogayen tudu masu kwari mai zurfi tsakaninsu, wanda shi ne ya sa wurin ya yi wa sojoji daɗin tsarewa. Mai wasan ya haɗa wannan a tambayarsa, kuma na ji daɗin haɗin, dan ya nuna maka ƙasar kanta tana cikin labarin. A nan ba akwati a cikin filin sabida Valles Caldera, wato yankin ramin gaba ɗaya, yana hannun hukumar gandun daji ta ƙasa kuma ba a ajiye kaya haka kawai ba izini, haka ma Bandelier, wani wurin tarihi da ke gaba, dan haka lamba kawai za ka ɗauka daga allon bayani a wurin tsayawar motoci, akwatin yana can wani gefe a dajin Santa Fe inda aka yarda.

Daga nan za ka fara ganin tsaunuka da bishiyoyinsu suka ƙone suka bar sanduna baƙaƙe a tsaye. Gobarar Cerro Grande ta watan Mayu 2000 ta shiga har cikin Los Alamos ta cinye gidaje sama da 200, ta Las Conchas kuma a 2011 ta ci sama da eka 150,000. Shi yasa in rani ya yi tsanani hukuma takan rufe dajin gaba ɗaya, a duba kafin a tashi.

Gangarowa zuwa garin kwanoni ne masu kaifi, a lallaɓa burki. In ka bi hanya mai lamba 501 za ka ratsa ta harabar cibiyar binciken nukiliyar, wadda har gobe tana aiki, akwai geti da masu gadi, ka riƙe katin shaida mai hoto a kusa, kuma dan Allah kar wani ya ce zai tsaya a wurin yana leƙe leƙen ƙarƙashin dutse da waya a hannu, ba akwati ko ɗaya a ƙasarsu kuma ba wurin wasa bane.

Cikin Los Alamos matakin na ƙafa ne, ka ajiye mota ka zagaya. Makarantar da Oppenheimer ya nuna musu ita ce Los Alamos Ranch School, wadda Ashley Pond ya kafa a 1917 dan 'ya'yan masu hali, gwamnati ta karɓe ta, ɗaliban ƙarshe suka fita a farkon 1943. Babban ɗakin cin abincinsu, Fuller Lodge, yana nan tsaye, an gina shi a 1928 da gungumen itace sama da 700, a gefensa akwai mutum mutumin Oppenheimer da Groves. Sai layin Bathtub Row, tsofaffin gidajen malaman makarantar, su kaɗai ne masu bahon wanka a garin lokacin yaƙi, manyan masu kimiyya aka ba. Garin a lokacin babu shi a taswira, dubban mutane adireshinsu ɗaya ne, akwatin gidan waya mai lamba 1663 a Santa Fe, har jariran da aka haifa a can shi ake rubuta musu a takardar haihuwa. Duk wanda aka ɗauka aiki sai ya fara zuwa wani ɗan ofis a lamba 109 titin East Palace a Santa Fe, wajen wata mata Dorothy McKibbin, ita za ta ba shi takardar shiga a haura da shi. Irin waɗannan lambobin ne wasan ya cika da su, kuma gaskiya sun zauna min a kai fiye da yanda karatu zai zaunar, dan lambar da ka sha rana kana nema ba ta saurin fita. Gidan tarihin Bradbury kyauta ne shiga, a ciki akwai kwaikwayon bama baman biyu da girmansu na gaske, Little Boy da Fat Man, waɗanda aka jefa wa Jafan, wata amsar a can take.

Akwai tambaya ɗaya da nake ganin ba a tsara ta da kyau ba. An tambayi ƙarfin gwajin Trinity, wato gwajin farko na bam ɗin, wanda aka yi ranar 16 ga Yuli 1945 da ƙarfe 5:29 na asuba a hamadar Jornada del Muerto, kusan mil 200 kudu da Los Alamos, bam ɗin a saman hasumiyar ƙarfe mai ƙafa 100. Matsalar ita ce ƙarfin ba lamba ɗaya gare shi ba a rubuce, an daɗe ana cewa daidai yake da tan dubu 21 na nakiyar TNT, tsofaffin ƙiyasi sun ce ƙasa da haka, wani sabon lissafi kuma ya kai shi kusan dubu 25. To wanne mutum zai ɗauka? A wasan da lamba ɗaya ke iya kauce da kai ɗaruruwan mita cikin daji, tambaya dole ta zama mai amsa ɗaya. Abun da ya ceci lamarin shi ne akwai wurin gwada amsa a shafin, ka zuba lambobinka ya ce maka daidai ne ko a'a, shi yasa nake ba kowa shawara ya gama duk lissafin gida ya gwada tun yana da intanet.

Yanzu ga abun da ya tsaya min a rai. A duk tambayoyin nan, daga ƙasan kwari har akwatin ƙarshe, mutanen da aka tambaya a kansu waɗanda suka ƙera ne kawai. Wasiƙar da Einstein ya sa wa hannu a watan Agusta 1939, tukunyar nukiliya ta farko da Enrico Fermi ya kunna a Shikago ranar 2 ga Disamba 1942, sunan jirgin da ya jefa bam ɗin, sunan matuƙin, nauyin bam ɗin. Hiroshima ta fito sau ɗaya, kuma yanda ta fito shi ne an ce ka ɗauki lokacin da bam ɗin ya faɗa ranar 6 ga Agusta 1945, ƙarfe 8:15 na safe, ka cire kaza daga ciki ka samu harafi. Na yi lissafin kam, amma hannuna ya yi sanyi. Lokaci ne da yara ke hanyar makaranta, mutane na fita aiki, kuma kafin ƙarshen shekarar kimanin mutum 140,000 sun mutu a garin, a Nagasaki da aka jefa wa na biyu ranar 9 ga wata kuma sama da 70,000. Ko layi ɗaya babu a shafin a kansu. Ni ba cewa nake a maida adadin matattu lambar wasa ba, Allah ya kiyaye, wannan ma ya fi muni, amma mutumin da ya iya rubuta sakin layi guda a kan bahon wanka zai iya rubuta jimla biyu a kan waɗanda abun ya faɗa wa.

Kuma ba sai an je Jafan ba ma, a kan tudun da kake tsaye akwai waɗanda aka tasa. Manoma ne masu jin Sifaniyanci, iyalai da dama suna noman wake a Pajarito, aka ce su tashi cikin ɗan lokaci. Makarantar 'ya'yan masu kuɗi an biya ta dala 225 kowace eka, wasu daga cikin manoman dala 7 aka basu, sai a 2004 majalisa ta ware dala miliyan 10 dan biyan zuri'arsu. Tudun kansa ƙasar kakannin mutanen San Ildefonso Pueblo ce, matansu ne ake ɗaukowa a bas suna share gidajen masu kimiyyar. Sai mutanen da ke zaune kewaye da Trinity, a garuruwa irin su Tularosa da Carrizozo, ba wanda ya gargaɗe su ba wanda ya kwashe su, sanarwar da sojoji suka fitar ma cewa ta yi rumbun makamai ne ya fashe. Toka ta yi ta sauka a kan rufinsu da ramukan da suke tara ruwan sama na sha, shanu suka ƙone a gadon baya, iyalai suka yi ta fama da ciwon daji, kuma dokar biyan diyya ta 1990 ta bar su a waje sama da shekara 30. Sannan yuraniyom ɗin kansa daga ina ya fito? Mafi yawan wanda aikin ya fara da shi daga mahaƙar Shinkolobwe ne a Katanga, Kwango lokacin tana hannun Beljiyam, dutsen da ba a taɓa ganin mai ƙarfinsa ba, wani ya kai kashi 65 cikin ɗari. Shugaban kamfanin da ke da mahaƙar, Edgar Sengier, tun 1940 ya turo kimanin tan 1,200 aka jibge a wani sito a tsibirin Staten na Niyu Yok. 'Yan Kwangon da suka haƙo shi da hannunsu ba kariya, su ma babu su a wasan. Duk waɗannan suna da shekaru da lambobi in lambobi ake nema, 1940, 2004, 1990, ga su nan birjik, da an so da an saka mataki guda a kansu ba tare da an ɓata tsarin ba. Abun da na rubuta masa kenan a bayanin da na bari bayan na samu na ƙarshe, cikin ladabi, dan mutum ne da ya yi aikin sa kai ba wanda ya biya shi ko sisi, kuma aikin nasa mai kyau ne, shi yasa ma rashin ya dame ni.

Akwatin ƙarshe tsohon akwatin harsashi ne na ƙarfe, a bushe tsaf, littafin ciki babba, an ajiye shi a bakin wani tudu da ake hango kwarin kogin Rio Grande da duwatsun Sangre de Cristo a can gabas. Tafiyar ƙafa ce 'yar kaɗan amma da hawa, kuma da yake garin yana wajen ƙafa 7,300 numfashi yana saurin ƙarewa ga wanda bai saba ba. Wurin da ya zaɓa ya yi ƙwarai. Na bashi maki na musamman da masu Premium ke bayarwa ga akwatin da ya burge su, jerin gaba ɗaya kuma tauraro 4 cikin 5 nake bashi, ɗayan na riƙe sabida giɓin can da tambayar Trinity da murfin da ya tsage.

Wanda zai je, yini guda cur zai ware, ya fita da sassafe. Ya cika tanki tun daga Bernalillo ko San Ysidro dan gidajen mai a saman dutsen ba yawa, ya ɗauki ruwa fiye da yanda yake zato, da abun cajin waya sabida GPS yana shan batir. Watan Yuli da Agusta hadari yana haɗuwa da rana tsaka da tsawa mai haɗari, kar a tsaya a bakin tudu in an ji ta fara, lokacin sanyi kuma dusar ƙanƙara tana rufe wasu akwatunan kuma titin yana santsi, ƙarshen Satumba zuwa Oktoba ya fi daɗi. A ƙasan kwarin akwai macizai masu kaɗa wutsiya, kar a zura hannu ƙarƙashin dutse ba a leƙa ba, a fara taɓawa da sanda. Da yara za a iya zuwa, matakin cikin gari ma zai fi musu daɗi, amma manya su shirya amsa tambayoyin da za su biyo bayan ganin bama baman nan a gidan tarihi. Kuma kowa ya taho da bironsa, ƙananan akwatunan babu biro a ciki, in baka sa hannu a takardar ba ba a lissafa ka samu.